Arthur Samuel: Dattijon Da Ya Koya Wa Kwamfuta Dara Har Ta Fi Shi

Mai karatu, a 'yan shekarun nan da wuya ka zauna a taron 'yan boko, ko na ma'aikatan banki ne ko na likitoci ko na malaman jami'a, a watse ba a ambaci ƙirƙirarriyar basira ba, wato wannan fasaha da ake cewa na'ura tana koyon abu da kanta. Wasu na yabo, wasu na fargabar za ta raba su da abincinsu, wasu kuma na neman kwangila da sunanta. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mutumin da ya yaɗa lafazin koyon na'ura a duniya bai fara da lissafin banki ko binciken cuta ba. Da wasan dara ya fara, darar Turawa mai gidaje baƙi da fari, kuma shi kansa bai gwanance a wasan ba. Sunansa Arthur Lee Samuel, Ba'amurke ne, ya rasu tun 1990. Ina ganin rayuwarsa ta cancanci a ba ta wannan fili, saboda a cikinta akwai aikin gaskiya, akwai kuma ɓarnar da zuzuta aikin ya jawo.

An haifi Samuel ranar 5 ga Disamba, 1901, a garin Emporia na jihar Kansas. Ya gama kwalejin garinsu a 1923, ya wuce babbar cibiyar fasaha ta MIT, inda ya sami digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki a 1926, ya kuma koyar na ɗan lokaci. A 1928 ya kama aiki a ɗakunan bincike na kamfanin tarho na Bell. Shekara 18 ya yi a can yana fama da kwalaben lantarki, irin waɗanda dattawanmu suka sani a cikin tsofaffin akwatunan rediyo, masu zafi kafin murya ta fito. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a kan na'urar hango jiragen sama, ya ƙera wata kwalba da ke ba eriya ɗaya damar aika saƙo da karɓar amsarsa ba tare da ƙarfin aikawar ya ƙona sashen karɓa ba. Da a nan ya tsaya, da yau ba wanda zai tuna da shi sai masu tarihin injiniyanci.

A 1946, yana ɗan shekara 44, ya bar kamfani ya koma Jami'ar Illinois a matsayin farfesa. A nan ne dara ta shigo rayuwarsa, kuma hanyar da ta shigo abin dariya ce. Shi da abokan aikinsa suna so su gina wa jami'ar kwamfuta, kuɗi kuma ba su isa ba. Sai aka kawo shawarar a haɗa 'yar ƙaramar na'ura, a tsara mata yadda za ta buga dara, a gayyato zakaran wasan su kara a bainar jama'a, jaridu su ɗauka, masu hannu da shuni su buɗe bakin aljihu. Samuel ya karɓi aikin tsara wasan bisa zaton cewa dara abu ce mai sauƙi, aikin 'yan watanni. Bai san ya ɗauko abin da zai ci masa kusan shekara 30 ba. Ba a yi wancan karawa ba, na'urar ma ba ta kammalu ba har ya bar jami'ar a 1949 ya koma kamfanin IBM a garin Poughkeepsie na jihar New York, da darar tasa a cikin kai.

Ya kamata in fayyace wace dara ake nufi. Tamu ta gargajiya, wadda ake haƙa gurabunta a ƙasa a gindin bishiya, wani ya riƙe tsinke wani ya riƙe tsakuwa, ana neman jera uku ne a ci ɗan abokin wasa. Diraf da ake bugawa a tashoshin mota da bakin kasuwa kuwa gida 100 gare shi, kowane ɓangare da 'ya'ya 20. Wadda Samuel ya yi aiki a kanta ita ce ta Ingila da Amurka: gida 64, ana amfani da 32 kawai, kowa da 'ya'ya 12, ɗa yana tafiya gaba a karkace, yana ci ta hanyar tsallake na abokin gaba, cin kuma dole ne in ya samu, kuma duk ɗan da ya kai layin ƙarshe ya zama sarki mai tafiya gaba da baya. Ya guje wa shaɗaranji da gangan, ko da yake shi ne wasan da masana suka fi girmamawa, kuma a 1950 Claude Shannon ya riga ya wallafa fitacciyar maƙalarsa a kan yadda za a tsara wa na'ura shi. Dalilin Samuel shi ne ƙa'idojin dara kaɗan ne, saboda haka zai iya mayar da hankali ga abin da ya dame shi, wato koyo. Adalci ne kuma a ambaci Christopher Strachey na Ingila, wanda manhajarsa ta dara ta yi aiki a kan kwamfutar Jami'ar Manchester a 1952. Samuel bai taɓa ɓoye cewa ya amfana da aikinsa ba.

Kwamfutar da ya fara da ita a 1952 ita ce IBM 701. Ta cika ɗaki guda, amma ma'ajiyar tunaninta kalma 2,048 ce kacal, kowace kalma da gurbi 36, kowane gurbi ko dai a kunne ko a kashe. Da ƙyar za ta ɗauke wannan rubutu da kake karantawa. To, a irin wannan ƙunci ne dabarar mutum ke bayyana. Samuel ya lura cewa gidajen wasa 32 ne, gurabun kalma kuma 36, sai ya ba kowane gida gurbi guda. Da kalma huɗu ya siffanta dukkan allon: inda 'ya'yan mai wasa masu iya tafiya gaba suke, da masu iya komawa baya, sai kuma irin waɗannan biyun na abokin gaba. Ya kuma sake wa gidajen lamba, ya bar gurbi na 9 da na 18 da na 27 babu kowa, ta yadda kowace tafiya a kan allo ta zama matsawa da gurbi 4 ko 5. Sakamakon haka, maimakon na'ura ta bi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya tana tambayar ina wannan zai iya zuwa, sai ta tura kalmar gaba ɗaya sau ɗaya, ta ga dukkan tafiye-tafiyen da suka halatta a lokaci guda. Har gobe masu rubuta manhajar wasannin allo suna amfani da jikokin wannan dabara. Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya ko Kano ko Yamai da zai zauna ya tsara darar gargajiya mai gurbi 30, da wannan tambaya zai fara cin karo, kuma amsar Samuel za ta yi masa aiki daram.

Sanin tafiyar da ta halatta daban, sanin wadda ta dace daban. Hanyar da Shannon ya shimfiɗa, Samuel ya bi, ita ce ta hangen gaba irin na kowane ɗan dara: in na tura nan, shi zai tura can, ni kuma in yi kaza. Na'ura tana bin kowane reshe, tana ɗauka cewa abokin gaba zai zaɓi abin da ya fi cutar da ita, ita kuma ta zaɓi wanda cutarsa ta fi sauƙi. Matsalar ita ce rassan suna hayayyafa kamar fara. A ɗauka kowace tafiya tana da zaɓi 8. Tafiya biyu 64 ke nan, uku 512, a ta goma an haura biliyan ɗaya. Dole a tsaya a wani wuri a yi hukunci. Manhajar Samuel tana hangen aƙalla tafiya uku, tana ƙarawa idan akwai ci a gaba, domin wauta ce a tsaya ƙirga dukiya alhali ana tsakiyar musayar 'ya'ya, amma ba ta wuce 20 ko ana ha-maza-ha-mata.

A inda ta tsaya kuwa, sai ta auna allon da ma'auni. Na farko shi ne yawan 'ya'ya, inda ɗa ke da daraja 2, sarki 3. Sai sauran abubuwan da gwanaye ke dubawa: wa ya riƙe tsakiyar allo, wa ya fi yawan hanyoyin motsi, wa ya tsare layinsa na baya don kada abokin gaba ya naɗa sarki, wa ya fi matsowa gaba. Tambayar da ta rage ita ce nauyin da za a ba kowanne. Shin riƙe tsakiya ya fi tsare baya, kuma da nawa? Samuel ya nemi gwanayen wasan, ya tarar da abin da duk wanda ya taɓa tambayar tsohon maƙeri ko ungozoma sirrin sana'arsu ya sani: sun iya, amma ba su iya faɗin yadda suka iya ba. Shi kuma ba gwani ba ne balle ya yanke da kansa. Wannan rashi ne ya tura shi ga tunanin da ya sa muke ambatonsa yau, cewa a bar na'urar ta gano nauyin da kanta.

Hanya biyu ya bi. Ta farko hadda ce tsantsa. Duk yanayin allon da manhajar ta taɓa gamuwa da shi, sai ta adana shi tare da makin da ta ba shi a kan zaren maganaɗisu irin na kaset. In ta sake haɗuwa da shi a ƙarshen wani hange, ba sai ta sake lissafi ba, kuma hangen nata ya ƙaru ke nan, tunda makin da ta adana shi ma daga wani hangen ya fito. Ta tara yanayi sama da 53,000. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ya koya mata mantuwa. Kowane yanayi yana da shekaru. In an yi amfani da shi sai a rage shekarunsa da rabi, in ya daɗe ba a waiwaye shi ba har ya tsufa sai a share shi a ba wani wuri. Ya kuma gano cewa na'urar, in ta ga nasara tabbas ce, sai ta yi ta kai-komo ba ta ƙarasa ba, tunda a wurinta ci yanzu da ci gobe duk ɗaya ne. Sai ya sa ana ɗan rage makin da kowace tafiya ta ƙaru, don ta fifita gajeriyar hanya.

Hanya ta biyu ita ce mai zurfi. Ya raba manhajar gida biyu, ya kira ɗaya Alfa, ɗaya Beta, ya sa su kara da juna. Beta tana wasa da ma'aunin da aka fi yarda da shi zuwa lokacin, ba ta canza komai. Alfa kuwa bayan kowace tafiya tana kwatanta makin da ta ba wani yanayi a baya da abin da hangenta na yanzu ya nuna, in ta ga ta yi zaton alheri ga abin da ya zama sharri, sai ta gyara nauyin ma'aunan da suka yaudare ta. In Alfa ta rinjayi Beta, sai a miƙa wa Beta sabon ma'aunin, a ci gaba daga nan. In kuwa ta sha kaye har sau uku, sai a ɗauka ta bi ɓatacciyar hanya, a soke babban ma'auninta don a tilasta mata neman wata. Ya tanadi ma'auni 38, ana aiki da 16 a lokaci guda, sauran suna jiran layi. Wanda ya daɗe bai tsinana komai ba sai a sallame shi a ɗauko na gaba. Na sha tunanin da ma'aikatunmu suna tantance ma'aikata da rabin wannan tsari, da an huta.

Duk wannan yana bukatar lokacin na'ura, lokacin kuma tsada gare shi. Samuel ya riƙa amfani da dare, yana sa manhajarsa a kan sababbin kwamfutocin da aka haɗa a masana'anta kafin a kai wa masu saye, suna ta buga dara har wayewar gari, kamfanin kuma yana kallon haka a matsayin gwajin lafiyar na'urorin. Shi kansa kamfanin ba ya son a riƙa cewa na'urorinsa suna tunani, don kada a tsorata abokan ciniki. Amma da aka nuna manhajar a talabijin ranar 24 ga Fabrairu, 1956, labarin da abokan aikin Samuel suka bari shi ne shugaban kamfanin, Thomas Watson, ya yi hasashen hannun jarin IBM zai tashi da maki 15, kuma haka aka yi. A shekarar ce Samuel ya halarci taron kwalejin Dartmouth, inda aka raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna. A Yulin 1959 ya wallafa maƙalarsa a mujallar bincike ta IBM, wadda take ɗauke da lafazin koyon na'ura a kanunta. Iƙirarinsa a ciki mai iyaka ne: za a iya tsara kwamfuta ta koyi dara har ta fi wanda ya tsara ta, cikin awa 8 zuwa 10 na wasa. Wanda ya tsara ta kuwa shi ne, kuma ya san matsayinsa a wasan.

Sai dai kash, abin da ya biyo baya bai tsaya a wannan iyaka ba. A 1962 aka shirya wasa ɗaya tsakanin manhajar da wani ɗan wasa makaho mai suna Robert Nealey daga jihar Connecticut. Nealey ya tafka kuskure, na'ura ta ci. Sanarwar da aka fitar ta kambama shi a matsayin tsohon zakaran jiharsa kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan ƙasar, alhali bai ci kambun jihar ba sai a 1966, kuma ba ya cikin sahun gaba. Aka buga wasan a wani shahararren littafi a 1963, jaridu suka ɗauka, magana ta tashi daga an ci wani ɗan wasa zuwa an gama da dara. A wasan ramuwa da aka yi ta wasiƙa, Nealey ya ci ɗaya, biyar suka tashi canjaras, amma wa ya ji? A tsakiyar shekarun 1960 manhajar ta kara da zakarun gaske, Walter Hellman na Amurka da Derek Oldbury na Ingila, wasa huɗu da kowannensu, ta sha kashi a duka takwas. Wannan ma bai yi amo ba.

A nan ne nake da ja. Ban ɗora wa Samuel laifin ƙarya ba. A maƙalarsa ta biyu ta 1967 ya bayyana gazawar manhajar a fili, ya ce gwanaye sun fi ta. Amma ƙarya ta riga ta yi fure, gyaran kuma ya maƙale a mujallar da masana kaɗai ke karantawa. Illar ta ɗauki shekaru. Masu bincike suka tattara suka koma shaɗaranji, tunda an ce dara ta ƙare. Da Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada ya fara manhajarsa mai suna Chinook a 1989, ya yi ta cin karo da masu tambayarsa dalilin ɓata lokaci a kan abin da Samuel ya gama tun tuni. Gaskiyar magana ita ce, a 1992 a Landan, Marion Tinsley, farfesan lissafi wanda wasannin da aka ci shi cikin sama da shekara 40 ba su kai goma ba, ya doke Chinook da ci 4 da 2, aka yi canjaras 33. A 1994 a Boston ya janye bayan canjaras shida saboda rashin lafiya, ya rasu a shekarar da ta biyo. Ba a warware dara ba sai a 2007, bayan shekara 18 ana lissafi a kan wasan da ke da yanayi kusan 5 da sifiri 20 a bayanta, kuma amsar ita ce in kowa ya yi wasa ba kuskure, kunnen doki za a tashi. Shekara 45 ke nan tsakanin labarin jarida da tabbatar al'amari. Duk babban sakatare ko shugaban asibiti da aka kawo wa manhaja yau aka ce ta fi likita ko ta fi akanta, yana da haƙƙin ya tambayi wane likita aka gwada ta da shi, sau nawa, kuma me ya faru a wasan ramuwa.

Wani abin lura game da mutumin shi ne bai yarda da tsoron na'ura ba. A 1960 masanin lissafi Norbert Wiener ya yi gargaɗi a mujallar Science cewa na'urori masu koyo za su iya kuɓuce wa masu su, har ya kafa hujja da manhajar dara. Samuel ya mayar masa da martani a mujallar, yana mai cewa na'ura ba ta da nufi na kanta, abin da ake gani kamar niyyarta niyyar mai tsara ta ce. A ganina Wiener ya fi shi hangen nesa a wannan gaɓa, domin Alfa da Beta da kansu sun nuna cewa mai tsari yana iya sanin manufa ba tare da ya san hanyar da na'urar za ta bi ba. Dabarar nan ta na'ura ta kara da kanta ta sake fitowa a IBM a farkon shekarun 1990, lokacin da Gerald Tesauro ya koya wa kwamfuta wani wasan allo da ake yi da ƙwayar caca har ta kai sahun zakaru, ta kuma kai maƙura a 2017 da AlphaZero, wadda ba a ba ta komai ba sai ƙa'idojin wasa, tana kuma yin tafiye-tafiyen da masu ita ba su iya bayyana dalilinsu ba.

Samuel ya yi ritaya daga IBM a 1966 ya koma Jami'ar Stanford, ya ci gaba da darar tasa har zuwa 1977, lokacin da wata manhaja daga Jami'ar Duke ta doke tasa, ya haƙura. Bai koma kujerar hutu ba. Ya yi aiki a kan na'urar fahimtar magana, ya kuma shiga ayarin Donald Knuth masu gina TeX, manhajar tsara rubutu da har yau malaman lissafi da kimiyya ke rubuta maƙalunsu da ita. Aikin da ya ɗauka a can shi ne wanda manyan masana ke raina wa, rubuta littafin jagora ga masu farawa, ya kuma fitar da shi a 1983 yana ɗan shekara 81. A 1987 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta karrama shi da lambar magabatan kwamfuta.

Ciwon karkarwa na Parkinson ne ya kama shi a ƙarshe. Na'urar jami'ar ta nuna cewa shigarsa ta ƙarshe cikinta ita ce a watan Fabrairun 1990, yana da shekara 88, abin da ya sa abokan aikinsa ke kyautata zaton ba a yi mai rubuta manhaja da ya kai shi tsufa ba a zamaninsa. Ya rasu ranar 29 ga Yuli, 1990. A watan da ya biyo, a garin Tupelo na jihar Mississippi, Chinook ta zo ta biyu a gasar dara ta ƙasar Amurka, Tinsley kaɗai ne a gabanta.